Koren Ɗigo a Bayan Kududdufi

Ƙaryar arziki, ita ce maganar yau. Ba a ɗaure mutum a kanta, ba a kai shi gaban jandarma, shi ya sa samarin zamani suka maida ita kayan ado, kowa ya jingina da motar da ba tasa ba a ɗauke shi hoto. To ni na ga inda ta kai wani, da idona na gani, ina tsaye cikin ruwa har cinya. Ku masu turo mini saƙo kuna tambayar me ya hana a sa ranata da Marwan, ku zauna ku karanta. Daga yau kada wanda ya ƙara tambayata.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Najaha, a Matameye aka haife ni, Babana Malam Inusa tela ne a bakin kasuwa. Na yi makarantar lise a Damagaram na dawo gida. Shekaruna ashirin da shida, kuma a gidanmu kullum sai an yi mini wannan lissafin, kamar ni ce na manta.

Marwan kuwa ɗan Iya Sa'a ne, mai ƙuli-ƙuli ta bayan kududdufi. Rani a Kano yake yinsa, yana sayar da kayan salula, damina ya dawo gida da shadda mai maiƙo da turare mai tsayawa a zaure bayan ya tafi. A Fesbuk sunansa Marwan Mai Vila. Vilar kuma tana nan, ba a mafarki take ba: a kan tudu, hanyar Kance, ginin siminti, fenti shuɗi, ƙofar ƙarfe baƙa, tsakar gida duk farin karo, wato tayil. Tun ana haƙa tushe kowa yana ganinsa tsaye a kan magina yana daka musu tsawa, makullai na lilo a ƙugunsa. Wa zai ce ba nasa ba ne?

Inna ta kwashe hotunan gidan kaf ta zuba a wayarta. Duk macen da ta shigo sayen daddawa sai ta gani kafin a ba ta canji.

"Ke dubi karo. Ƙuda ma in ya sauka sai ya zame."

"Inna, gidan mutane ne fa."

"Gidanki ne in kin bar taurin kai. Ƙannen ƙawayenki suna goyo, ke kina goyon waya."

Ba zan ce ba na son Marwan ba. Yana da fara'a, yana sa ni dariya, bai taɓa ce mini in bar aiki ba. Baba ne dai ya gindaya sharaɗi. Ranar da Marwan ya je gaishe shi a shago, ko ɗaga kai daga kan keken ɗinki bai yi ba.

"Na ji ka gina gida."

"Da ikon Allah, Baba."

"Madalla. Tsohuwarka a ina take kwana?"

Marwan ya sosa ƙeya ya ce ana ƙarasa mata ɗakinta ne.

"To ranar da ta kwana a ciki, ka turo manyanka. Ba na ba da ɗiya ga mai kwana a kan karo uwarsa tana tarbar yoyo da kwano."

Maganar ke nan, Baba bai ƙara ba, bai rage ba. Damina ta yi nisa, Inna ta fara ce wa Baba ya cika tsanani, sai ga saƙon Marwan ana jibi ruwan da zan ba ku labari: ya kwaso Iya, ta tare a sabon gida. Inna ta yi guɗa ita kaɗai a madafa. Aka tsayar da Juma'a manyansa za su zo. Ta fiddo atamfarta ruwan goro da ta ɓoye tun dawowar Gwaggo daga Makka, ta ce Baba ya ɗinka mata riga da zane, ni kuma aka ce in sa leshina mai ruwan hoda, in bar wannan hijabin da ya koɗe kamar tsumman goge tukunya.

Yanzu bari in gaya muku aikina, don ku gane inda abin ya haɗu.

Bayan ambaliyar bara, wani malamin kolej mai suna Cha'ibu ya tara mu matasa ya ce abin da ya ci mu bara rashin sani ne. Garin nan injin jan ruwa ɗaya gare shi, sai amalanken shanu da ke kai buhunan yashi. Bara duk wanda ya fi ƙarfin murya ko ya san wani babba, ƙofarsa injin ya tafi. Alhali mutane suna ta sa hotuna a Fesbuk, suna tura saƙon murya a Watsap, ba mai tattarawa. Sai aka ba mu aron ɗaki a biro, wato ofishin magajin gari, da kwamfuta guda mai taswirar gari. Muna bin abin da jama'a suka sa, mu tantance, mu ɗiga a taswira. Jan ɗigo, ruwa ya shiga ɗaki kuma da mutane a ciki. Rawaya, yana tsakar gida. Kore, lafiya, ko kuma ba kowa a wurin. Inda ja ya fi yawa, can injin zai nufa. Ni ce mai ɗigawa, don an ce hannuna ba ya rawa.

Dokar Cha'ibu ɗaya ce, har ita ta zama sunan gurup ɗinmu: Ruwa Ya Kai Ina.

"Kada wanda ya karɓi da sauƙi," in ji shi. "Mutanenmu ko gini na kansu, ka ce ya ruwa, za su ce da sauƙi. Ku tambayi gaɓa. Idon sawu? Ƙwauri? Gwiwa? Ƙugu? Kuma ku tambayi gidan wane, don ba mai sanin sunan layinsu."

Ranar Laraba ruwan ya sauko tun bayan sallar asuba, ba iska, ba tsawa, zuba kawai. Gari ya waye ba a ga rana ba. Na ɗaura tsohon zanena, na zura takalmin roba, na ƙulle wayata a leda, na yafa buhun shinkafa a ka. Inna tana bakin ƙofar ɗaki tana tura ruwa da tsintsiya.

"Jibi za a zo neman aurenki, ke kina shirin yawo a kwata kamar agwagwa."

"Sai na dawo, Inna."

"In mura ta kama ki, da majina za ki gaida surukai. Ni ba ruwana."

Kafin hantsi wayoyinmu sun ɗauki zafi. Wani ya turo bidiyon ruwa yana jan motoci a kan wata gada mai hawa biyu ya ce ƙofar gidansu ce. Cha'ibu ya ce a tambaye shi yaushe aka yi mana gadar ba a gayyace mu buɗewa ba. Wani dattijo ya turo saƙon murya, ya gaida magajin gari, ya gaida malamai, ya tambayi iyalin kowa, sai can ƙarshe ya ce af, katangarsa ta faɗi a kan awaki. Muka yi ta ɗigawa. Wajen tasha rawaya, bayan makarantar boko rawaya, layin masu hatsi a kasuwa ja, don ruwa ya fara taɓa buhuna kuma masu shaguna suna ciki suna ta kwasa.

Cha'ibu ya tsaya a bayana, ya harɗe hannu, yana kallon taswira.

"Malama Najaha, nan fa?"

Ya sa yatsa a bayan kududdufi. Fari fat, ko ɗigo ɗaya babu. Layin tsofaffi ne da matan da mazansu ke Najeriya, masu babbar waya ba su da yawa.

"Ba wanda ya sa komai, Shef."

"Shi ne ya dame ni. Wurin nan kwari ne, in kududdufi ya cika can yake amai. Ba can surukarki take ba?"

Sauran suka yi dariya. Na ce ta tashi, amma ɗanta zai san halin da layin yake ciki. Na kira Marwan, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Sai ga saƙo.

Marwan: Gimbiyata, rezo ba kyau, kira ba ya shiga, rubuto kawai.

Ni: Ina kwana. Ya ruwa? Ya Iya?

Marwan: Lafiya lau. Ga ta nan kusa da ni tana shan shayi.

Ni: Tsohon layinku fa, bayan kududdufi?

Marwan: Da sauƙi.

Ni: Ba ma karɓar da sauƙi. Ruwa ya kai ina?

Ya ɗan jima. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake.

Marwan: Yanzu na dawo daga can. Ko idon sawu bai kai ba. Bana an yi wa kududdufin hanya. Kada ku wahalar da kanku.

Ni: Ka tabbata? Inji ɗaya ne, in na sa kore ba zai zo ba.

Marwan: Haba Hajiyata. Ni zan yi miki ƙarya?

Sai hoto ya biyo baya. Iya Sa'a zaune a farar kujerar roba a falon vila, ƙafafunta a kan karo, tana murmushin nan na tsofaffi da ba su saba da hoto ba. Bai tsaya nan ba, ya ɗora shi a Fesbuk ya rubuta: Alhamdulillahi, mu mutanen bayan kududdufi lafiya lau, Iya tana hutawa a gidan ɗanta. Kafin ka ce me an fara zuba masa addu'a. Allah Ya ba mu ɗa irinka. Mai Vila ikon Allah.

Ɗan layin ne, ya ce da ƙafarsa ya je, ya ambaci gaɓa, ya kawo hoto. Duk abin da doka ta nema ya cika. Na ɗiga kore. Aka ɗora injin a amalanken wani bawan Allah mai suna Shekara, aka nufi layin masu hatsi.

Inna ma ta gani. Saƙon muryarta ya shigo, ana jin ruwa na dukan kwano a bayanta: "Kin gani ko? A nuna wa Babanki. Yaro ya cika alkawari, saura ke."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Har na ɗan tsaya ina tunanin wane labule zai dace da shuɗin fenti.

Bayan azahar ruwan ya ƙi tsagaitawa. Ina cin gyaɗa a gaban kwamfuta sai wata ƙawata ta turo mini abin da wani ya rubuta a Fesbuk. Illa sunansa, mai shayi ne a Kano, bana bai dawo noma ba. Ba ya cikin gurup ɗinmu, bai ma san da mu ba. Ga abin da ya rubuta, yadda ya rubuta shi:

Jama'ar Matameye don Allah wanda ke kusa ya taimaka. Matata A'ishatu ta kira ni da wayar maƙwabta tana kuka. Ruwa ya kai ƙugu a gidana bayan kududdufi, ita da yara suna kan katanga. Gidan Iya Sa'a mai ƙuli ma ya cika, tsohuwa tana kan gado ta kasa fita. Wayar ta mutu ban ƙara samunsu ba.

Na karanta na miƙa wa Cha'ibu. Ya karanta ya dubi koren ɗigon.

"Ɗaya yana Kano, ji ya yi. Ɗaya yana gari, ya ce gani ya yi, kuma uwarsa ce. In na janye injin daga kasuwa a kan jita-jita, masu hatsi za su cinye ni ɗanye. Sake kiransa."

Na kira. Bai ɗauka ba. Na rubuta masa cewa ga abin da Illa ya ce.

Marwan: Illa yana Kano me ya sani? Matarsa ce mai kururuwa. Ki bar shi kore.

Wannan ki bar shi kore ɗin ne ya tsaya mini a rai. Me ya dame shi da launin ɗigona? Na koma kan hoton na buɗe shi da yatsu biyu. Iya da sabuwar atamfa, hannunta da jan lalle. Tsohuwa mai suyar ƙuli ta zauna ƙunshi a tsakiyar damina? Na ƙara buɗewa. Ƙofar falon a buɗe take a bayanta, ana hango tsakar gida. Rana ƙwal a kan karo, alhali tun asuba ba wanda ya ga rana a Matameye. A jikin turke kuma ga rago fari, da baƙin zobe a ido ɗaya.

Na san ragon nan. Marwan ya yi ta sa hotonsa kafin Layya. Ranar Sallah ya aiko mana da cinyarsa, Inna ta soya ta zagaya da ita maƙwabta tana cewa daga gidan surukinta.

"Shef."

"Na'am."

"Ragon nan na ci cinyarsa."

Ya sunkuyo ya duba. Bai yi dariya ba, sauran ma ba wanda ya yi.

"Maida shi ja," ya ce, yana neman lambar Shekara.

Na maida.

Janye inji daga kasuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Masu hatsi suka tare hanya, sai da Cha'ibu ya karanta musu rubutun Illa da ƙarfi suka matsa, wasu ma suka biyo mu. Hanyar masallacin Juma'a ta yanke, muka zagaya. Shanun Shekara suna tafe suna turjewa. Ban saba bin inji ba, aikina a ɗaki yake, amma ranar ba wanda ya ce in zauna. La'asar ta kusa kafin mu isa.

Kududdufi da layi sun zama abu ɗaya. Ruwa ja, mai kauri, yana ɗauke da kara da takalma da mataccen zakara. Katangar gidan Illa ta zube ta gefe ɗaya, A'ishatu da yaranta suna kan abin da ya saura, ta rungume ƙaramin. Maza suka sauko da su. Shekara ya tada inji, aka ja tiyo zuwa bakin kwalbati. Ni na kutsa gidan Iya, zanena ya manne mini, ruwa har cinya.

Rumbunta ya riga ya durƙusa, gero yana yawo a saman ruwa. Kaskon suya ya kife. A ƙofar ɗaki na ga mutum daga shi sai singileti da wandon shadda da ya naɗe, yana kamfatar ruwa da bokiti yana watsawa bayan katanga, ruwan yana dawowa ta ƙarƙashin ƙofa. Waya na rataye a wuyansa cikin leda. Da wannan wayar, a tsaye a wannan wurin, ya rubuta mini lafiya lau.

Marwan ya juyo ya gan ni. Bokitin ya suɓuce ya tafi abinsa.

Na wuce ciki. Iya tana kan gadon ƙarfe da aka ɗora a kan turmi da bulo, ta takure, ɗan akuya a cinyarta. Ruwa ya taɓa katifa. A kusurwa akwatuna ne masu ruwan hoda, sababbi, na ƙasa sun nutse, na sama ya buɗe, leshi da atamfa sun sha jar laka. Ba sai an gaya mini na wace ce ba.

"Sannu Iya."

Ta ƙura mini ido. "Ɗiyar Malam Inusa ce? Ku ne masu injin?"

"Mu ne, Iya."

"To Allah Ya yi muku albarka, ko da yake kun daɗe. Tun safe nake ce masa ya kira ki. Ya ce ya kira, kin ce layi bai zo kanmu ba, sai an gama da masu kuɗin kasuwa. Na ce to, ita ta san aikinta."

Na juya na dubi Marwan. Ya dubi ruwa.

Wannan ce ta gama ni, jama'a. Gidan da ba nasa ba, da na iya cewa kunya ce ta talaka. Amma ya tsaya a gaban uwarsa ya ɗora mini abin da ya yi da hannunsa.

Cha'ibu da wani suka shigo suka ɗauki Iya kamar jaririya, ta ƙi sakin ɗan akuyar. Ba mu kai ga amalanke ba muka ji wani nishi a bayanmu, irin na ginin ƙasa in ya gaji. Bangon gabas ya zauna, azara ta biyo shi, ɗakin ya rufta a kan gadon da akwatunan. Ɗakinta na biyu ya jira kaɗan shi ma ya bi. Iya ba ta waiwaya ba, salati kawai take yi.

Aka zaunar da ita a amalanke, aka lulluɓa mata leda. Mutanen kasuwa da suka biyo mu sun kewaye. Shekara ya riƙe igiyar shanu ya ce ina za a kai ta.

Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Sabon gidan ɗanta, hanyar Kance."

"Wane gida?" in ji Iya.

"Vila, Iya. Mai shuɗin fenti."

"A'a, ɗiyata, ai wannan gidan Alhaji Hashimu ne na Legas. Tsaron gini ya ba shi. Iyalinsa ma sun zo tun makon jiya sun karɓi makulli." Ta gyara wa ɗan akuyar zama. "Da Layya dai ya kai ni na ga aikin da yake yi wa mutane, ya ɗauke ni hoto, na sa masa albarka. Gida mai kyau. Sai santsi."

Inji yana ta ƙara. Wani daga cikin masu hatsi ya ce a hankali, "Mai Vila," wani ya yi masa tsawa.

Marwan ya matso kusa da ni, yana rawar sanyi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Najaha, wallahi bayan Juma'a na yi niyyar gaya miki. Ina da fili, zan gina. Ruwan nan duk shekara zuwa yake ya koma, na ɗauka zan iya da shi. In kun zo za ki gan ta a nan, Baba ya ji, shi ke nan na rasa ki."

"Ruwa ya kai ina, Marwan?"

"Ki saurare ni mana."

"Tambayar aiki nake yi maka. Zan rubuta. Ruwa ya kai ina?"

Ya dubi inda laka ta tsaya a jikinsa.

"Ƙugu," ya ce.

Na ce wa Shekara ya juya shanu, gidan Malam Inusa tela.

Inna tana zaure tana jiran ta yi mini faɗan jiƙewa, sai ta ga wadda aka sauko da ita. Inna akwai baki, amma ba ta da mugun ciki. Ba ta tambayi komai ba sai da ta dafa ruwan zafi, ta dama kunu. Kayanmu duk sun yi danshi, abin da ya saura busasshe a gidan sai sabon ɗinkin Juma'a da ke rataye a ƙusa. Ta tsaya ta dube shi, ta sauke, ta ba Iya ta ɗaura. A ɗakina aka shimfiɗa mata, A'ishatu da yaranta kuma a ɗakin Gwaggo.

Sai da Iya ta yi barci na ba su labari. Inna ta ɗauko wayarta ta shiga goge hotuna ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana ƙwafa.

"Har matar liman na nuna wa. Har ita."

Baba yana jan carbi. Can ya ce, "Na ce ranar da ta kwana a ɗaki mai kyau ya turo manyansa. Ga shi ta kwana. Sai dai ɗakin nawa ne."

"Malam, wannan lokacin wasa ne?"

"Ba wasa nake ba. Najaha, maganarki ce. Me kika ce?"

"Na fasa, Baba."

"Shi ke nan."

Inna ta koma kan wayarta. Ta ci gaba da gogewa. Da ta kai hoton ƙarshe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Shi wannan Cha'ibun da kuke yawo cikin ruwa tare, yana da mata?"

"Inna."

"Tambaya na yi."

Juma'a ta zo. Kawun Marwan ɗaya ne ya zo, ba goro, ba rakiya, ya zauna da Baba a zaure ya ba da haƙuri ya tafi. A taswira kuwa mun ƙara doka: wurin da ya yi shiru, ko wa ya ce lafiya, sai an ji daga baki biyu.

Ga abin da ƙaryar ta ci wa Marwan, ku lissafa da ni. Ɗaki biyu na uwarsa, waɗanda da injin ya zo da hantsi da suna tsaye, don gidajen da ke sama da su kaɗan duk sun tsira. Rumbun gero guda. Awaki uku, ban da ɗan da Iya ta riƙe. Kaskon da aka yi shekaru ana ciyar da shi da shi. Akwatunan lefe da duk abin da ke ciki, guminsa na rani biyu a Kano, suna ƙarƙashin laka. Katangar Illa, wadda dattawan layi suka ce shi zai tada ta da hannunsa. Aikin Alhaji Hashimu, wanda ya ga hoton falonsa a Fesbuk ya aiko a gaya masa kada ya ƙara taka ƙofar. Sunan Mai Vila, wanda ya goge da kansa amma yaran tasha suka ƙi gogewa. Da ni.

Akwai na ƙarshe, ban sani ba ko in sa shi a lissafi tukuna. Kullum da hantsi yana zuwa ƙofar gidanmu, ba turare, ba shadda, ya tsaya a zaure ya yi sallama ya ce a gaya wa Iya ga shi. Ranar Juma'a A'ishatu ta karanta mata abin da ya rubuta a Fesbuk, da abin da ya rubuto mini. Yanzu haka da nake wannan rubutun yana tsaye, ina jin muryarsa. Iya tana zaune a tabarmata tana ba ɗan akuya dusa a tafin hannu, kuma har yanzu ba ta amsa ba.